Saƙon da bai isa ba, kuma bai dawo ba

Na gode wa waɗanda suka shirya wannan zama da suka ba ni wuri, ko da yake na san da aka ce za a yi magana kan imel wasu sun yi hamma tun daga gida. Ku ba ni ɗan lokaci kaɗan, dan Allah.

Ni ɗan Agye ne, amma a nan Maradi nake neman abinci. Ina da ɗan shago na buga takardu: fotokwafi, haɗa dosiye, cika fom, da tura saƙo wa wanda bai iya ba. Ban karanta injiniyanci ba. Abin da zan faɗa muku a kan teburina na koye shi, wani da kuɗina, wani kuma da kuɗin mutanen da suka amince da ni.

Akwai wata ƙungiyar mata a yankin Cadawa da ke sarrafa aya. Suna wankewa, su busar, su niƙa, su yi gari da biskit, su ɗaure a leda da ɗan tambarinsu. Kun san yankin Agye da Gazawa ƙasar aya ce, kuma ayar Nijar har Sifaniya ake kai ta, inda mutanen Balansiya ke yin wani abin sha da ita mai kama da kunun ayarmu. Matan nan sun je baje kolin kayan noma da kiwo a Yamai, suka haɗu da wani ɗan kasuwa daga wata ƙasar gaɓar teku. Ya ɗanɗana kayansu, ya yaba, ya karɓi katinsu, ya ce zai rubuto. Ni na buɗe musu adireshin da ke kan katin, ni kuma na sa shi a wayar sakatariyarsu.

Sati ɗaya shiru. Sati biyu shiru. Shugabarsu ta kira ni ta ce, "Ɗana, mutumen nan hwa bai rubuto ba. Ko dai daɗin baki ne ya yi muna?" Na ce, "Hajiya, a ƙara haƙuri, haka ƴan baje koli suke, kowa sai ya ce zai kira." Kun ji, ni ma na taya ta yanke wa bawan Allah hukunci.

Bayan sati uku da wani abu sakatariyar ta shigo Maradi da wata buƙata dabam, ta biyo ta shagona in gyara mata waya. Ina cikin latse-latse na buɗe akwatin nan da aka rubuta wa Spam. Ga saƙon mutumin, har guda biyu. Na farko yana tambayar farashi da yawan abin da za su iya haɗawa a wata. Na biyu gajere ne, cikin ladabi: tun da bai ji daga gare su ba, ya ɗauka ba su shirya ba, ya samu wasu. Wallahi na daɗe ina kallon wayar nan ban ce komai ba. Da na kira Hajiya na karanta mata, tambaya ɗaya ta yi mini: "To wa ya ɓoye shi?"

Wannan tambaya ce ta kawo ni gabanku yau.

Duk saƙon imel, kafin ya shiga akwatinka, sai ya bi ta wata na'ura mai tacewa. Bari mu kira ta rariya. Kamfanin da ke riƙe maka akwati shi ke da rariyar, manyan ma'aikatu da ƙungiyoyi kuma sukan ƙara tasu a kai. Kuma kada kowa ya fita daga nan ya ce na ce a cire rariya. In aka cire ta, imel ya mutu a kwana ɗaya. Tun 1978 aka fara wannan fitina, lokacin da wani ma'aikacin kamfanin kwamfuta a Amurka, Gary Thuerk, ya tura talla ɗaya ga mutane wajen 400 a lokaci guda ba tare da sun nema ba. A 2023 Google ya ce Gmail kaɗai na tare saƙonnin banza kusan biliyan 15 kowace rana, kuma yana kama sama da kashi 99.9 cikin ɗari na shara da damfara. Aiki ne babba, a yaba musu.

Amma ku duba lissafin da kyau. Wannan adadi na sharar da aka kama ne. Bai gaya mana hatsi nawa ya bi dusa ba. Kuma saƙon da ya faɗa Spam ba ya sa waya ta yi ƙara, ba ya nuna alama a fuska, yana can ƙasan jerin da sai ka nema za ka gani. A Gmail, in ya kwana 30 a can, gogewa ake yi. Da sakatariyar nan ta ƙara sati guda ba ta zo ba, da har yau Hajiya na cewa mutumin maƙaryaci ne, shi kuma yana can yana cewa matan Maradi ba su san kasuwa ba.

Na matan Cadawa saƙo ne mai shigowa. Mai fita ya fi ciwo, domin shi ko Spam ɗin ba a hannunka yake ba. Wani abokina daga Gidan Rumji, mai ɗan kamfanin girka sola da gyaran famfo, ya ga sanarwar wata ƙungiyar agaji tana neman ɗan kwangila. Sharaɗin shi ne a turo dosiye ta imel kaɗai, kafin rana kaza, ƙarfe kaza. Yaron nan ya yi sati yana zirga-zirga: takardar rajistar kasuwanci, lambar NIF, shaidar biyan haraji, takardar farashi. Kowace takarda da kuɗinta, kowace tafiya da kuɗin mota. A shagona muka haɗa, muka tura kwana biyu kafin a rufe. Wayarsa ta nuna an tura. Da sakamako ya fito babu sunansa, ko a cikin waɗanda aka ƙi. Ya je biro ɗinsu, aka ce masa, "Ba mu samu ba." Ya nuna waya, aka ce, "Mun gani, amma a wurinmu babu." Daga baya wani ma'aikacinsu mai kirki ya sa aka bincika, aka samu saƙon a tsare a rariyar ma'aikatar, a wani wuri da sai mai kula da kwamfutocinsu ke gani, shi kuma ba a Maradi yake zaune ba. An ba shi haƙuri. Kwangilar kuwa an riga an ba wani.

Ban ce da saƙon ya isa shi zai ci ba. Mai yiwuwa farashinsa ya yi sama, mai yiwuwa wani ya fi shi. Amma ba a kayar da shi ba, jama'a, ba a ma bar shi ya shiga fili ba.

To me ya sa rariyar ke kama irin namu? Ku ɗauki misalin baƙo a kasuwa. In ka kawo buhunan riɗi kasuwar da ba a san ka ba, ba wanda zai ba ka kuɗi haka kawai. Sai ka samu dillali ko mai masauki da zai ce, "Na san shi, na tsaya masa." Rariya ma haka take, da shaida take aiki. Tana duba ko adireshin nan tsoho ne ko jiya aka buɗe shi, ko ya saba rubutu da wannan mutumin, ko waɗanda ya rubuta wa a baya sun amsa, ko akwai waɗanda suka taɓa kai ƙararsa. Babban kamfani yana da tarihin shekaru, yana da ma'aikatan da ba su da wani aiki sai kula da sunansa a wurin rariya. Mai sola na Gidan Rumji yana tura saƙo biyar a shekara, daga adireshin da ya yi wata shida ba a taɓa ba, zuwa ga wanda bai taɓa rubuta wa ba, da manyan takardu a maƙale, da maganar kuɗi da lambar asusun banki a ciki. A idon na'ura, mai gaskiya mara tarihi da ɗan damfara sabon shiga kamarsu ɗaya.

Akwai kuma laifin maƙwabci, wannan ni kaina ya ci ni. Na ga ya kamata shagona ya samu adireshi mai sunansa, irin na manya, sai na sayi wuri mai araha a wurin wani kamfani. Ashe irin wannan wurin gidan haya ne: mu ɗaruruwa ne a kan uwar garke ɗaya, wato babbar kwamfutar da ke tura saƙonninmu, kuma duk da lamba ɗaya muke fita duniya, wadda ake kira lambar IP. Wani daga cikin ƴan hayar, ko wanda aka yi wa kutse, ya dinga watsa shara. Aka sa lambar a baƙin littafi. Akwai ƙungiyoyin da aikinsu ke nan, fitacciyarsu Spamhaus wadda Steve Linford ya kafa a 1998, kuma kamfanoni da yawa a duniya na duba littafinta kafin su karɓi saƙo. Ni ban yi komai ba, amma wake ɗaya ya ɓata gari. Saƙonnina suka riƙa dawowa da wani dogon rubutu na Turancin Ingilishi mai farawa da lamba 550. Ni da na yi lakwal da Faransanci sai da na nemi fassara, ina ga Hajiya. Kuma a hakan ma na gode Allah, tun da nawa ya dawo, na san an ƙi ni.

Abin ya wuce gidan haya ɗaya. Hukumar da ke raba lambobin IP ga nahiyar Afirka ita ce AFRINIC, mai mazauni a tsibirin Morishus. A 2019 aka bankaɗo cewa an karkatar da lambobi sama da miliyan 4 daga rumbunta, wasu suka faɗa hannun masu watsa saƙonnin banza. An sace mana lambobi, an yi ɓarna da su, tabon kuma ya zauna a kan sunan nahiyar. Sannan ga tsohon tabon 419, wanda asalinsa lambar wani sashe ne na dokar manyan laifuka ta Najeriya. Ƴan tsiraru suka yi abinsu, aka shafa wa miliyoyin ƴan uwanmu na ƙetaren Jibiya baƙin jini, mu ma da sunan ƙasarmu ke kama da nasu muka samu rabonmu, domin Bature da yawa bai bambance Nijar da Najeriya. Alhali in ka duba jerin ƙasashen da shara ta fi fitowa, shekara da shekaru Amurka da Sin ne suka kasance kan gaba.

A watan Fabrairu na 2024 Google da Yahoo suka ƙara tsaurara sharuɗɗa. Duk mai adireshi na kansa sai ya kafa aƙalla ɗaya daga cikin wasu shaidu biyu, ana kiransu SPF da DKIM, masu kama da hatimi da sa hannu a kan takarda, masu tabbatar da cewa saƙon daga gidan da ya ce ya fito ya fito. Mai tura sama da 5,000 a rana zuwa Gmail sai ya kafa duka biyun, an kuma ƙara masa na uku, DMARC. Dokar ba ta da laifi, maganin masu sojan gona ce. Sai dai wa ya zo Gazawa ya gaya wa ƙungiyar manoman da wani furoje ya buɗe wa shafi da adireshi shekaru biyar da suka wuce, furojen ya ƙare, wanda ya girka ya kama gabansa? Suna nan suna turawa, suna jiran amsa, suna cewa mutanen waje ba su da kirki.

Na san abin da wasunku ke cewa a zuci: Malam, wa ke ta imel, ga WhatsApp? Gaskiya ne, cinikin yau da kullum a WhatsApp yake. Mai zogale na Tsibiri da muryarsa yake sayarwa, ba ya buƙatar rubuta ko harafi ɗaya. Amma ranar da ya so ya wuce nan, ya sayar wa otel a Yamai, ko ya nemi tallafi, ko ya shiga takarar kwangila, ko ya yi hulɗa da mai saye a wata ƙasa, ƙofar imel za a nuna masa. Ku ma ɗalibanmu na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, neman gurbin karatu a waje da neman aiki ta ina suke bi? Mutum nawa a cikinku suka cika fom aka ce an turo lambar tabbatarwa, suka zauna suna jira har lokacin ya wuce? Na ga hannuwa. To wannan ma shi ne.

Kun tuna ƙarshen Fabrairu na 2021, bayan zaɓe, da aka yanke intanet na waya kusan kwana goma? Kowa ya sani, kowa ya yi magana, ƙungiyoyin fararen hula suka fitar da sanarwa, duniya ta ji. Ita kuwa wannan yankewa ɗaiɗai take bin mu, cikin shiru, har wanda aka yanke wa ya ɗora laifin a kan kansa ko a kan wanda bai ji ba bai gani ba. In ka taso daga Gazawa zuwa Gidan Rumji a kan babbar hanya, shingen bincike nawa za ka tarar? Amma ko ba ka ji daɗi ba, ka ga fuskar wanda ya tsayar da kai, ya gaya maka takardar da babu. In ka ba direba saƙo a tasha bai isa ba, ka san ɗan kamashon da za ka kama. Nan kuwa an tsayar da kayanka, ba a gaya maka ba, ba a gaya wa mai kaya ba, kuma babu biron da za ka je.

A wasu wurare mutane ba su yi shiru ba. A ƙarshen 2004 kamfanin Verizon na Amurka, da sunan yaƙi da shara, ya toshe saƙonni masu shigowa daga sassa da dama na Turai da Asiya. Masu hulɗa da shi, cikinsu har da ƙananan ƴan kasuwa, suka maka shi kotu, a 2006 ya yarda da sulhu da biyan diyya. A 2006 ɗin ne kuma AOL da Yahoo suka fito da tsarin da mai tura saƙo zai biya kuɗi a ba shi tabbacin wucewa, ƙungiyoyin fararen hula irin su EFF suka haɗa kai suka yi ca, suna cewa ana so a raba imel gida biyu, na mai kuɗi da na talaka. Su suna da kotunan da hannunsu ke kaiwa ga kamfanin. Mu kada mu yaudari kanmu: ARCEP, hukumar da ke sa ido kan sadarwa a ƙasar nan, tana da iko a kan Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecoms, amma ba ta da sandar da za ta kai Kalifoniya.

Shi ya sa ni ƙorafina na farko ba can nake kai shi ba, nan kusa nake kai shi. Duk ƙungiyar agaji, duk furoje, duk ma'aikatar magajin gari da ta ce "ta imel kaɗai", ta ɗauki nauyin abin da ta ce. Duk wanda ya turo a mayar masa da shaidar an karɓa, nan take, kuma a rubuta a sanarwar cewa in ba ka ga shaidar ba ka kira lamba kaza. Kafin a buɗe dosiyoyi a duba Spam, a duba wurin da rariyar ma'aikata ke tsarewa, a rubuta a rahoton zama cewa an duba. A bar ƙofa ta biyu, ko ambulan ne a ajiye a biron gunduma. Wannan ba ya cin ko dala. Kuma ku lura, in babu shaidar karɓa, "ba mu samu ba" ta zama mafaka. Ban zargi kowa ba, amma ƙofar da za a iya ɓatar da dosiyen mutum a ɗora wa na'ura, ƙofa ce da ya kamata a rufe ko da ba wanda ya taɓa bi ta cikinta. Wannan abu ne da ƙungiya irin tamu za ta iya rubutawa a takarda ɗaya, ta bi biro-biro a Agye da Gazawa da Gidan Rumji tana neman a sa hannu. Zauren ƴan kasuwa da zauren manoma na jihar Maradi kuma, a cikin horon da suke bayarwa, rabin yini ya isa a koya wa sakatarorin ƙungiyoyi wannan.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu masu shagunan buga takardu muna da namu. Muna buɗe wa mutum adireshi cikin gaggawa, mu sa lambar wayar da gobe zai yar, mu rubuta masa kalmar sirri a guntun takardar da ba za ta kai gida ba. In ya dawo sai mu buɗe masa sabo, tarihinsa ya koma sifili. Akwai wanda na sani da adireshi huɗu, ba ya iya shiga ko ɗaya. Google kuma tun Disamban 2023 ya fara share asusun da ya yi shekara biyu ba a taɓa ba. Adireshi ɗaya, a riƙe shi kamar lambar waya, a riƙa amfani da shi ko babu dalili babba. Sannan yadda muke rubutu: kai babu take, ko take da manyan haruffa "GAGGAWA", ciki babu gaisuwa babu bayani sai hotuna goma sha biyu da aka ɗauka da waya, a tura wa mutum talatin a layi ɗaya. Ko ni aka turo wa haka sai na yi shakka. Rubuta sunanka da garinku, ka faɗi inda kuka haɗu, ka haɗe takardun su zama PDF ɗaya mara nauyi. In ka tura, ka bi shi da kira ko WhatsApp: "Na turo, a duba, in babu a leƙa Spam." Ba rashin wayewa ba ne, manyan kamfanoni ma haka suke rubutawa a ƙasan fom ɗinsu. In kuma ka tsinci saƙon kirki a Spam, kada ka karanta ka fita kawai, danna wurin da ke cewa ba Spam ba ne, ka ajiye adireshin mai shi. Da haka rariyar ke koyo, kai ma ka zama dillalin da ya tsaya wa wani.

Matan Cadawa sun rubuta wa mutumin nan, suka ba shi haƙuri, suka gaya masa abin da ya faru. Ya amsa, ya ce ya fahimta, in buƙata ta taso zai neme su. Har yanzu bai nema ba. Sakatariyar kuwa duk Juma'a bayan la'asar tana buɗe Spam, ta karanta wa Hajiya abin da ta tarar, har da masu cewa ta ci gasar da ba ta shiga ba.

Kafin a buɗe fagen tambayoyi, ina roƙon kowa ya ciro wayarsa yanzu. Buɗe imel, danna layukan nan uku na sama ta hagu, gangara ƙasa har ka ga Spam. Kada ka danna wata mahaɗa a ciki, sunaye kawai za ka duba. Wanda ya tarar da saƙon da ya daɗe yana jira ya ɗaga hannu, akwai takarda tana zagayawa, a rubuta mana garin da irin saƙon, ba sai an sa suna ba. Da ita za mu fara zuwa biro na farko.